Madanni na Uku

Duk ranar da hadari ya rufe rana a Tudun Haske, manhajar Garwashi takan fara aiki tun da hantsi. Mace na tsaka da tuƙa tuwo a murhun lantarki, sai ta ga fitilar taskar gidanta ta koma ja. Ba ta ta da hankalinta. Wayarta za ta ɗauka, ta buɗe shafin, ta taɓa sunan maƙwabciyarta. A can gidan waya ta yi ƙara sau ɗaya. Da an danna "Na bayar", wuta ta biyo igiyar da aka binne a ƙarƙashin katanga ta tsallako, fitila ta koma kore, tuwo ya ci gaba da dahuwa.

Birnin ba shi da babbar tashar wuta. Kowane rufi gilashin sola ne, kowane gida kuma da taskarsa, wato wani babban batir da ake jinginewa a zaure. Daga nan murhu ke sha, da firji, da fanka, har da ƙananan jiragen aike da ke yawo saman unguwa suna kai cefane. Da rani ba mai tuna da taska, don rana ta wadaci kowa har ta yi yawa. Amma idan marka ta sauka, aka jera kwanaki sama ba ta buɗe ba, sai ka ga mai babban rufi yana da saura, mai ƙaramin rufi yana cikin duhu. Shi ya sa hukumar unguwa ta ce a gina shafin da zai sa maƙwabta su riƙa aron wuta a tsakaninsu, kamar yadda kakanninsu ke zuwa ɗiban garwashi a murhun juna.

Uwani Barau ce ta gina shafin, ita da abokin aikinta Isiyaku, a wani ƙaramin ofishi da ke saman tashar motoci marasa direba. Mace ce mai son aikinta, kuma tana da ƙa'idoji waɗanda Isiyaku ya haddace ba don yana so ba. Ba ta barin shafi ya fita sai ta gwada shi a wayar da ta fi kowace tsufa a unguwar, domin in ya buɗe a nan zai buɗe ko'ina. Hoton da ya yi nauyi ta matse shi, in ya ƙi matsuwa ta cire shi, ko da kuwa Isiyaku ya kwana biyu yana ƙawata shi. Ta sa shafin ya riƙa ajiye kwafin kansa a cikin waya, saboda ranar da iska ta katse sadarwa ya buɗe duk da haka, saƙo ya jira har hanya ta dawo. Ba ta kuma sakin sabon gyara ranar Juma'a. Ta ce in abu ya lalace a ranar, rabin masu gyara suna masallaci, daga can kuma sai gidan biki.

Tsofaffi ma ta san halinsu. Tsoho in ya danna abu bai ga ya motsa nan take ba, sai ya sake dannawa, ya kuma ƙara, roƙo ɗaya ya zama uku. Saboda haka ta sa madannin ya kwanta da zarar an taɓa shi, ya rubuta "An ji, ana aikawa". Wannan darasi a hannun mahaifinta ta koye shi.

Malam Barau tsohon direban jirgin ƙasa ne, tun zamanin da jirage ke buƙatar direba. Da ya ajiye aiki sai ya koma kiwon zabbi, kuma ba kowace zabuwa ba, farare tas, irin waɗanda suka kusa ɓacewa a ƙasar. Uku kacal suka rage masa, duk sun manyanta. A daminar nan ya bi su lungu-lungu ya tara ƙwansu, ya jera a injin ƙyanƙyasa a ɗakin baya. Injin yana son ɗumi kusan wata guda ba yankewa. In wuta ta ɗauke na rabin yini, ƙwan ya huce, shi ke nan. Haka ya faru da na farkon damina, ba ko ɗaya da ya fashe. Waɗannan su ne na ƙarshe, domin zabuwa ba ta yin ƙwai bayan ruwa ya ɗauke, kuma ba wanda ya san ko tsofaffin za su kai baɗi.

Wata Asabar da safe Uwani ta je gaishe shi, ta tarar da fitilar taskarsa tana tsakanin rawaya da ja. Abin ya ba ta mamaki, don rufin gidansu yana cikin manya a layin. Suna zaune a zaure, ana yayyafi, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya yi tsaki, ya yi gunaguni a kan mutanen da ba sa iya kashe fanka ko ana sanyi, sannan ya sa yatsa ya danna "Na bayar".

"Baba, ga 'Ba zan iya ba' nan kusa da shi," in ji Uwani.

"Na gan shi."

"To me ya hana ka danna shi? Taskarka ta kusa ƙarewa, ga ƙwai a inji."

Ya cire tabarau ya dube ta. "In danna, ya fita a wayar mutum da sunana a sama? Barau ya ce ba zai iya ba? Gobe kuma mu haɗu a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa? Uwani, ke a wane gari aka haife ki?"

Kafin ta ba shi amsa sai ga Malam Jatau ya leƙo da lema a hannu. Tela ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da nasu tun kafin a haifi Uwani. Shi Bazazzagi ne, Malam Barau kuwa Bakano, saboda haka ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba.

"Bawana, ka tashi lafiya?" in ji Malam Jatau. "Na ga wutar da ka aiko jiya. Irin ta Kanawa ce, ko dutsen guga ba ta ɗumama ba."

"Kai dai ka ji kunya, mai raɗin suna a kwana tara," in ji Malam Barau. "Gari guda ba ku da rana sai ta aro."

Suka yi ta yi, Uwani tana dariya, amma hankalinta yana kan madannin nan. Ranar Litinin ba ta zauna a ofis ba. Gida-gida ta bi, ta zauna kusa da mutane tana kallon yatsunsu. Wannan ma yana cikin ƙa'idojinta: kada ka tambayi mutum yadda yake amfani da shafinka, don zai ce maka lafiya lau, ka zauna ka gani da idonka. Abin da ta gani ya sa ta riƙe baki. Ba wanda ke taɓa "Ba zan iya ba". Wata tsohuwa ma rufe shi take yi da babban yatsa don kada ta danna shi bisa kuskure. Mutane suna bayar da wutar da ba su da ita, su koma su roƙi na gaba, shi ma ya bayar ya roƙi na gabansa, wuta tana ta zagaye unguwa tana ƙarewa a hanya.

Isiyaku ya ce maganin mai sauƙi ne, a ɓoye sunan wanda ya ƙi.

"Wa za ka ɓoye wa?" in ji Uwani. "Mutum ya roƙi gidan da ke jikin katangarsa, ka ce masa wani bawan Allah ya ƙi? Laifin ba na suna ba ne, Isiyaku. Mu ne muka rubuta maganar da ba mai iya faɗinta."

Ta tuna yadda marigayiya mahaifiyarta take yi in an zo aron abin da ba ta son bayarwa. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Takan ce, "To, sai na duba." Mai aro ya ce, "To madalla," ya tafi, kowa ya gane, ba wanda ya ji kunya. Uwani ta zauna ta ƙara madanni na uku a ƙasan biyun nan, ta rubuta "Sai na duba". Aikin bai kai na wuni ɗaya ba. A ciki, abin da yake yi daidai yake da "Ba zan iya ba", wuta ba ta tsallakawa. Ta fara sakinsa a layi ɗaya tukuna, kamar yadda ta saba, da ta ga bai fasa komai ba ta sake shi ga unguwa duka.

Kai ka ce ruwa aka ba mai ƙishi. Cikin mako guda taskoki suka fara farfaɗowa. Mutane suka riƙa danna sabon madannin hankali kwance, wanda aka amsa wa kuma ya wuce gida na gaba ba tare da ya riƙe kowa a zuci ba. Maganar ta shiga bakin 'yan unguwa, har mai shayi in an ce ya ƙara madara sai ya ce sai ya duba. Uwani ta ji daɗi ƙwarai. Ta shekara tana gyaran abubuwa masu wuya ba wanda ya sani, yau kalma uku sun sa ana tare ta a hanya ana sa mata albarka.

Malam Barau ma ya karɓi madannin hannu bibbiyu. Yana danna shi yana murmushi, wani lokaci har ya faɗi kalmomin da bakinsa. Mutum ɗaya ne kawai bai taɓa danna wa ba. In sunan Malam Jatau ya fito, sai ya zage shi tas, shi da Zazzau baki ɗaya, sannan ya ba shi. Rufin Malam Jatau kuwa ƙarami ne, ga keken ɗinki, ga dutsen guga, kusan kullum sai ya turo.

Marka ta ƙara kankama. Sama ta yi kwanaki kamar an kifa baƙar tukunya. Ƙwan ya rage saura 'yan kwanaki, har in ka kara kunne a jikin inji kana jin motsi kaɗan-kaɗan. Wata ranar da la'asar Uwani ta biyo ta tarar da fitilar taskar ta yi ja sosai, mahaifinta kuma ya kashe firji da fitilun gidan duka, yana zaune gefen injin ya lulluɓe shi da bargonsa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta. Ta san ko ta yi magana bakinta kawai za ta ɓata.

Washegari ta ce wa Isiyaku ta samo gyaran ƙarshe. Me ya sa ma za a jira mutum ya danna? Shafin ya san abin da ke cikin kowace taska. In ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, shafin da kansa ya amsa "Sai na duba", wayar mai gida ko ƙara kada ta yi. Ta sa wa wannan sashe suna Wakili.

Isiyaku ya sosa ƙeya. "To a rubuta a ƙasa cewa inji ne ya amsa."

"In an rubuta, mutum zai taso ya zo ya yi sallama, mai gida kuma ya ji nauyi ya bayar. Mun koma gidan jiya."

"To a bar shi a kashe, wanda yake so ya kunna."

"Babana ba zai kunna ba," in ji ta.

Duk mai gina shafi ya san wannan sirri. Abin da ka bari a kunne tun farko, shi mutane za su bari har abada, domin ba mai shiga cikin saituna sai wanda abu ya dama. Saboda haka mai ginin ne yake zaɓar wa jama'a, ko da ya ce ya ba su zaɓi. Uwani ta san haka sarai. Ta gwada Wakili a tsohuwar waya, ta gwada shi ba sadarwa, ta ajiye kwafin tsohon shafin don ko da wani abu, ta sake shi ranar Talata da safe, a kunne.

Bai yi kuskure ko ɗaya ba. A babban allon ofis, taswirar unguwar ta koma kore daga wannan gefe zuwa wancan. Hukuma ta aiko da yabo, unguwanni biyu suka turo a zo a kafa musu irinsa. Malam Barau ya ce wa Uwani kwanan nan mutane sun yi hankali, wayarsa ta huta. Ta ce masa ai haka ne, ta kawar da kai. Ya ce ko Bazazzagin nan bai leƙo ba, ruwa ya kulle shi a ɗaki kamar kaza.

Ranar da ƙwan ya fara fashewa, rana ta fito karo na farko. Malam Barau ya kira Uwani tana hanyar ofis, ta sa motar ta juya. Ta same shi durƙushe gaban inji. 'Yan tsaki sun cika tiren, jiƙaƙƙu, wasu sun bushe sun fara tangaɗi, wani kuma ya fito da kai kawai yana hutawa. Biyu ne ba su fashe ba. Tsoho ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ɗauki ɗaya ya sa mata a tafin hannu, ya karɓe, ya sake ba ta. Rabon da ta ga haƙoransa a waje haka tun mahaifiyarta na da rai. A ranta ta ce ko iya wannan, aikin ya biya.

"Bari in kira bawan nan ya zo ya ga yadda Kanawa ke kiwo," in ji shi. Ya leƙa ta kan katanga ya ƙwala masa kira.

Malam Jatau ya ɗan jima kafin ya zo. Da ya zo kuma, sai ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, ya jira aka amsa.

"Malam Barau, ina kwana? An tashi lafiya? Ya iyali?"

Malam Barau ya dube shi sama da ƙasa. "Yau kuma wane Malam? Shigo ka ga dukiyar ubangidanka."

Ya shigo, ya duba 'yan tsakin, ya ce masha Allah, Allah ya raya su, ya sa albarka. Ya tambayi Uwani aiki. Duk abin da ya kamata ya faɗa ya faɗa.

"Ina ka shiga ne kwana biyu?" in ji Malam Barau.

"Muna asibiti. Ƙirjin mai ɗakina Delu ne ya tashi da sanyin nan. Injin da take shaƙar iska da shi ya tsaya, taskarmu ta ƙare, sai muka kai ta cikin ruwan. Amma da sauƙi, jiya aka sallamo mu."

"Subhanallahi. Kuma ba ka turo ba?"

Malam Jatau ya gyara riƙon hularsa. "Na turo. Ka ce sai ka duba. Na sake turowa, ka ce sai ka duba. Ba komai, wallahi, na san kai ma kana da hidima a gabanka."

Uwani ta yi maza ta ce, "Baba Jatau, ba shi ba ne. Inji ne ya amsa, ni na sa shi. Wayarsa ko ƙara ba ta yi ba."

"Allah sarki, 'yata. Ai na ce ba komai." Ya yi murmushi, ya yi musu sai an jima, ya fita. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ba ta iya ganewa ba. Wace 'ya ce ba za ta ɗauke wa ubanta laifi ba?

Malam Barau bai yi mata faɗa ba. Ya sa babbar riga ya shiga ya duba Delu, ya dawo ba da jimawa ba, ya ce an karɓe shi da mutunci, har tabarma aka shimfiɗa masa sabuwa. Yadda ya faɗi maganar tabarmar ya fi mata zafi a kan zagi.

A ranar ta koma ofis ta kashe Wakili. Wannan bai yi wuya ba, tunda ta ajiye tsohon shafin, dannawa ɗaya ya dawo. Isiyaku bai ce ai na faɗa miki ba, ta kuwa gode masa a zuci. Ta rubuta wa unguwa duka sanarwa cewa a kwanakin nan inji ne ya riƙa amsawa da sunan mutane, daga yau kuma ba abin da zai sake magana da bakin wani. Taswirar ta ɗan koma rawaya nan da can, ta bar ta haka.

Damina ta ja baya. 'Yan zabbin suka yi gashi, farare tas, suna bin tsoho duk inda ya sa ƙafa a tsakar gida. Kullum da safe Malam Jatau yakan tsaya ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya wuce. Bai sake turo roƙo ba ko sau ɗaya.

Wata Asabar Uwani ta zo ta same shi a zaure da waya a hannu. Rana ta ƙwalle, fitilar taskarsa kore shar, ba inda za a ƙara ko ɗigo.

"Nuna mini inda ake roƙo," in ji shi. "Ban taɓa yi ba."

"Baba, taskarka a cike take."

"Na sani. Nuna mini."

Ta nuna masa. Ya nemo sunan Malam Jatau, ya danna sau ɗaya, madannin ya kwanta ya ce an ji, ana aikawa. Suka zauna suna jira. Ta bayan katanga ana jin keken ɗinki yana tafiya, sai ya tsaya. Ya ɗan jima a tsaye. Sannan wayar Malam Barau ta yi ƙara, keken kuma ya ci gaba.

Ya sa tabarau ya karanta. Ya daɗe yana kallon kalmomin nan uku, "Sai na duba", sannan ya miƙo mata wayar.

"Injin naku ne ya amsa, ko?"

Uwani ta karɓa ta riƙe. Da hannunta ta kashe Wakili, kuma ta san ba sauran inji a shafin nan da zai iya amsa wa kowa. Mahaifinta yana kallonta, yana jira.

"Sai na duba, Baba," in ji ta.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To madalla." Ya tashi ya shiga ba zabbinsa ruwa.